Abin da Ikilisiya Ke Tunawa: Sharhi a Kan Marigayi Farfesa Ishaya Audu

  Maganarmu ta yau ta shafi abin da babu gidan da bai shiga ba, wato rashi, da kuma yadda muke tunawa da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Daga cikin majami'a zan ɗauko zancen, wajen 'yan'uwa Kirista na ƙasar Hausa. Amma ina roƙon maƙwabtanmu Musulmi su ma su matso kusa da rediyo, domin mutumin da zan ba da labarinsa nasu ne su ma.

Duk wanda ya taɓa zama a sujadar jana'iza ya san yadda ake yi. Bayan waƙar buɗewa da addu'a, sai wani daga cikin iyali ya fito ya karanta tarihin marigayi: an haife shi shekara kaza, ya yi makaranta kaza, ya riƙe muƙami kaza, ya rasu ya bar mata da 'ya'ya da jikoki kaza. Jama'a na sauraro, wasu na fifita da takardar tsarin sujada saboda zafi. Daga nan fasto ya ba mutum biyu ko uku dama su faɗi shaida. Sai ka ga wata tsohuwa daga layin zumuntar mata ta miƙe da ƙyar, ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce shekarar da maigidanta ya kwanta ciwo, wannan bawan Allah ne yake zuwa bisa keke kowace yamma ya zauna da shi, kuma shi ya biya wa autanta kuɗin jarrabawa, ya ce kada ta gaya wa kowa. Kafin ta koma ta zauna, masu fifita sun daina, ba ka jin komai sai shessheƙa daga benci zuwa benci.

Takardar da aka karanta gaskiya ce, shaidar tsohuwar ma gaskiya ce. Amma wadda ta sa hawaye ita ce wadda ikilisiya za ta riƙe bayan an kwashe rumfuna. Abin da nake so mu duba ke nan a yau, kuma zan duba shi ta rayuwar mutumin da takardar tarihinsa ta fi ta yawancinmu tsawo nesa ba kusa ba: Rabaran Farfesa Ishaya Audu, wanda ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2005.

An haifi Ishaya Audu ranar 1 ga Maris, 1927, a Anchau, cikin ƙasar Zazzau. Bahaushe ne gaba da baya, kuma a gidan Kirista ya buɗe ido. Makarantar Saint Bartholomew ta Wusasa ce ta fara koya masa karatu, kuma ba za a fahimci mutumin ba sai an ɗan tsaya a Wusasa.

Wusasa ƙaramar unguwa ce a gefen Zariya, gindin duwatsu. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, wato ta cocin Angilika, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyar da yara. A 1929 aka mayar da mishan ɗin bayan gari, zuwa Wusasa, aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa, irin ginin magina Hausawa, mai kaurin bango, wadda har yau tana tsaye. Aka kafa makaranta, aka kafa asibitin Saint Luke. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Miller ya ba shekaru masu yawa tare da malamai 'yan ƙasa. Saboda haka yaron da ya tashi a Wusasa a wancan zamani da Hausa ya koyi addu'a, da Hausa ya koyi waƙa, kuma tun yana ƙarami ya ga abubuwa uku a jere wuri ɗaya: majami'a, aji, da ɗakin shan magani. Abin da ido ya saba gani tun ƙuruciya shi ne zuciya take ɗauka a matsayin daidai. Yaran Wusasa sun tashi da sanin cewa bautar Allah da neman ilimi da jinyar mara lafiya tafiyarsu ɗaya.

Dubi waɗanda wannan 'yar unguwa ta fitar. Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma yau asibitin koyarwa na jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. John Tafida, wanda tare da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan zube na farko da Hausa. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, a nan ya yi ƙuruciya, a nan ya fara makaranta. Cikin wannan jeri Ishaya Audu yake.

Daga Wusasa ya wuce kwalejin Yaba a Legas, ya shiga kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, shekarar da aka buɗe ta, sannan ya tafi Landan ya kammala karatun likita a 1954. Ya ƙware a kan ciwon yara. Da ya dawo gida yana aiki da gwamnatin Jihar Arewa, sai aka ba shi wata amana da ta isa a tsaya a yi tunani a kanta: shi ne ya zama likitan Firimiya, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato.

Masu sauraro, ku auna wannan da kyau. Sardauna jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, mutumin da kowa ya san kishinsa ga addinin Musulunci. Amma da aka zo batun wanda zai auna masa jini, ya rubuta masa magani, ya san sirrin jikinsa da ko na kusa da shi ba su sani ba, sai ya yarda da ɗan Wusasa mai zuwa sujada ranar Lahadi. Likita kuwa bai ɓoye addininsa don ya samu wurin ba, Sardauna ma bai nemi ya ɓoye ba. Kowa ya tsaya a kan abin da ya ba da gaskiya gare shi, amana ta tsaya a tsakaninsu. Matasanmu na yau da suka tashi suka tarar da gari a rabe, unguwar waɗannan daban, ta waɗancan daban, ya kamata su ji cewa an taɓa yin haka a ƙasar nan, kuma manya ne suka yi.

Ranar 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna a Kaduna. A cikin wannan shekara mai nauyi aka kira Ishaya Audu daga Jami'ar Legas, inda yake koyar da ɗaliban likita, aka damƙa masa shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yana da shekara 39, kuma shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera bayan Bature Norman Alexander. Jami'ar jaririya ce a lokacin. A watan Oktoba 1962 aka buɗe ta da ɗalibai 426. Ga ƙasa ta rikice, ga kashe-kashen 1966 sun sa ma'aikata da ɗalibai da dama 'yan Gabas sun gudu, ga yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, bai ƙare ba sai 1970. A cikin wannan hali ya riƙe jami'ar shekara tara.

A zamaninsa aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a 1967. A zamaninsa aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a, wadda ta ba dubban yaran Arewa da suka fito daga makarantun sakandare marasa ƙarfi damar cike giɓi su shiga digiri. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero, a ƙarƙashin Zariya take a lokacin. Kafin ya sauka a 1975, ɗalibai sun tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai, jami'ar ta shiga sahun manyan jami'o'in Afirka. Alƙalai, likitoci, injiniyoyi, gwamnoni da malaman da suka riƙe Arewa shekaru da dama bayan haka, Musulmi da Kirista, da yawansu ta ƙofar da ya buɗe suka shiga.

Bayan jami'a sai siyasa. A zaɓen 1979 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Dakta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su ci ba, amma yarjejeniyar da NPP ta ƙulla da NPN, jam'iyyar da ta ci zaɓen, ta sa Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje, ya riƙe daga 1979 zuwa 1983. Shekarun ba na hutu ba ne: Zimbabuwe ta samu 'yanci a 1980, Chadi na fama da yaƙin cikin gida har aka tura sojojin kiyaye zaman lafiya, kuma a 1981 an kusa gwabzawa da Kamaru saboda kisan sojojin Nijeriya a kan iyaka, Allah ya sa aka sasanta a teburi.

Ba zan tsaya a nan in ce muku mala'ika ne ba. Ikilisiyar da take wanke mamatanta tas har su rasa kamannin mutane ba ta kyauta musu ba, ba ta kuma kyauta wa masu rai ba, domin babu wanda zai iya koyi da mala'ika. Shugabancin jami'a bai rasa masu ƙorafi ba. Da yarjejeniyar NPN da NPP ta watse a 1981, ya zaɓi ya ci gaba da zama minista maimakon ya bi jam'iyyarsa ya fita, abin da ya ɓata wa abokan tafiyarsa rai ƙwarai. Masana tarihi za su ci gaba da muhawara a kan waɗannan, kuma haƙƙinsu ne. Sannan ranar 31 ga Disamba, 1983, soja suka kifar da gwamnatin Shagari, aka tsare shi tare da sauran manyan gwamnatin, ya kwashe watanni a tsare. Duniya rawar 'yan mata ce, in ji Hausawa, na gaba ya koma baya. Mutumin da jiya yake magana da yawun Nijeriya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, yau sai an ba shi izini kafin ya ga iyalinsa.

To, a nan ne labarin ya kai inda nake so mu daɗe. Me mutum yake yi idan an raba shi da kujera, an raba shi da jiniya da 'yan rakiya, an kuma sake shi yana dab da shekara sittin? Mun ga masu yawa. Wani ya tattara ya koma Ingila ko Amurka, ba a sake jin ɗuriyarsa. Wani ya zauna a falo yana lissafin waɗanda suka ci amanarsa har baƙin ciki ya cinye shi. Wani ya yi ta zarya ƙofar kowace sabuwar gwamnati ko za a tuna da shi. Ishaya Audu ya koma Samaru, 'yar tazara kaɗan daga ƙofar jami'ar da ya taɓa shugabanta, ya buɗe asibitinsa, ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya, ya koma duba marasa lafiya. Ya kuma ba da sauran ƙarfinsa ga aikin Ubangiji, har ya kafa majami'a a can, ya zama mai kiwon ikilisiya. Daga nan ne sunan Rabaran ya hau gaban na Farfesa.

Ku kawo hoton a zuci. Aikin likitan yara a gari irin Samaru ba aikin alfarma ba ne. Uwa ce za ta shigo da goyo jikinsa ya yi zafi rau, ko yaro mai gudawa idanunsa sun faɗa, ko mai tarin da ya hana gida barci kwana uku. Sai ka sunkuya, ka lallashi yaro ya buɗe baki, ka saurari uwar da tsoro ya sa maganarta ke sarƙewa. Aikin fasto ma haka yake: gaisar da mara lafiya, sulhunta miji da mata, ɗaura aure, binne gawa, shirya wa'azin Lahadi ko mutum ashirin ne za su zo. Kimanin shekara ashirin na ƙarshen rayuwarsa a irin wannan hidima suka tafi. Cikin shekarun nan ne rikicin da ya taso daga Kafanchan a Maris 1987 ya bazu har Zariya, aka ƙona majami'u da dama, zukata suka yi tsami ta kowane ɓangare. Duk da haka Samaru ta ci gaba da zama wurin zamansa da wurin aikinsa, cikin jama'ar da ya tashi a cikinta.

Ni a ganina, wannan komawa ita ce ta bayyana ko wane ne shi. Muƙami ana ba mutum ne, ana kuma karɓewa. Abin da mutum ya zaɓa da kansa bayan an karɓe komai, lokacin da babu mai tilasta masa, babu kuma mai tafa masa, shi ne halinsa na ainihi. Yaron da ya tashi yana ganin majami'a da aji da ɗakin magani a jere ya zaga duniya, ya dawo ya ƙare kwanakinsa tsakanin majami'a da ɗakin magani, a inuwar makarantar da ya raina. Gwamnati za ta tuna da minista, jami'a za ta tuna da shugabanta na biyu. Waɗanda suka zauna benci ɗaya da shi kuwa, ɗan'uwa suka rasa.

Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 9, ya ba da labarin wata mai bi a garin Yafa, sunanta Tabita, ana kuma ce da ita Dokas. Ta yi ciwo ta rasu, aka yi mata wanka aka kwantar a bene, aka aika Lidda a kira Manzo Bitrus. Da ya iso, gwauraye ne suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Ba a gaya mana ko 'yar gidan wa ce ba, ba a faɗi dukiyarta ba. Abin da matan nan suka ɗaga sama a ranar makokinta shi ne aikin allura da zare. Tun ikilisiya tana jaririya, haka take tunawa da nata: da abin da hannunsu ya taɓa a rayuwar wani.

Shi ya sa sharhin nan bai tsaya a kan farfesa kaɗai ba. Kowace majami'a, daga Wusasa zuwa Malumfashi, daga Tudun Wadan Kano zuwa Maraɗi da Dogon Dutsi, tana da nata ƙaunatattu waɗanda jarida ba ta taɓa buga sunansu ba. Akwai dattijon da tun asuba ranar Lahadi yake fitowa da guntun ƙarfe ya buga tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a reshen darbejiya, shi ne ƙararrawar ƙauyen, ya buɗe tagogi, ya kaɗe ƙurar benci da tsumma. Shekara talatin yana yi, babu wanda ya taɓa tambayar wa ya sa shi, sai ranar da rana ta take ba a ji ƙara ba. Akwai uwar zumunta da ta san gidan kowace mai jego, wadda tulun kiɗanta ne ke riƙe amon waƙa. Akwai malamin makarantar Lahadi da ya koya wa yara uku-uku karatu da Littafi ɗaya a gindin bishiya, yau wasunsu lauyoyi ne. Akwai mai bisharar da ya yi wata shida ba a biya shi ba, yana noma da safe yana ziyara da yamma. Ranar da irin waɗannan suka tafi, ikilisiya takan gane cewa ashe su ne suke ɗauke da ita.

To yaya muke tunawa da su? A nan dole in faɗi abin da ke damuna, kuma na san yana damun fastoci da dattawa da yawa. Jana'iza a wasu ikilisiyoyinmu ta fara zama gasa. Gawa ta yi makonni, wani lokaci watanni, a mutuware, kuɗi na hauhawa kullum, wai ana jiran a gyara gida ko a jira na ƙasar waje. A fitar da anko, a buga riguna da hoton marigayi, a buga littafi mai sheƙi, a sayi akwatin da kuɗinsa ya isa shekara guda ta makarantar marayun da ya bari. A yanka saniya da bashi. Mutumin da yana kwance a asibiti aka rasa mai sayo masa allurar dubu biyar, yau an kashe dubu ɗari biyar wajen rufe shi. Bayan mako biyu kowa ya watse. Gwauruwa ta zauna ita kaɗai da masu bin bashi, wani lokaci ma dangin miji su zo su kwashe gona da babur da takardun gida, ikilisiya na gani ta ce maganar iyali ce.

Ban ce kada a girmama mamaci ba. A yi daren waƙoƙi, a yi sujada mai kyau, a ciyar da baƙin da suka zo daga nesa, wannan duk mutunci ne. Amma mu dubi maƙwabtanmu Musulmi: attajiri da talaka likkafani ɗaya, kafin rana ta faɗi an kai mutum makwancinsa, ba a bar wa iyali bashi ba. Akwai abin koyi a nan, kuma iyayenmu na farko a cikin bangaskiya ma da sauƙi suke binne nasu. Girmamawar da ta bar maraya ba kuɗin makaranta, wa aka girmama da ita?

Ga abin da nake ganin ya fi. Na farko, a riƙa tambaya a taron dattawa bayan kowace jana'iza: wane aiki wannan ɗan'uwa yake yi a tsakaninmu, kuma wa zai ɗauka? In shi ne mai ziyarar asibiti, a samu mai ziyara kafin wata ya ƙare. In akwai yaron da yake biya wa makaranta a ɓoye, a nemo yaron. Aikin alheri da ya mutu tare da mai shi, laifin na raye ne.

Na biyu, a tuna da gwauruwa da marayu bayan an daina zaman makoki. Makon farko gida cike yake, ba a rasa mai kawo kunu. Wata na uku ne ɗaki yake yin faɗi, lokacin da za a koma makaranta, lokacin da damina ta faɗi babu mai riƙe garma. Zumunta a ƙafa take. A raba kwanaki tsakanin zumuntar mata da ta maza da matasa, a san wa zai leƙa wannan mako. Kuma idan aka taso za a ƙwace wa marayu gado, dattawan ikilisiya su tsaya tsayin daka, su nemi mai unguwa, su nemi hukuma in ta kama.

Na uku, a rubuta. Tarihin Ishaya Audu ya tsira domin ya riƙe manyan kujeru, amma na dubban masu bi da suka kafa majami'un ƙauyukanmu yana bin tsofaffi zuwa kabari. Yau kusan kowane matashi yana da waya mai ɗaukar murya. Ku zauna da kaka da kakan da suka rage, ku tambaye su wa ya fara kawo bishara garin nan, a gidan wa aka fara sujada, wa ya ba da filin, wa ya ɗauko azara a ka. Ku rubuta da Hausa, ku ajiye a littafin ikilisiya, a riƙa karantawa ranar godiya ta shekara.

Na huɗu, kuma shi ya fi sauƙi: a gode wa mutum yana da rai. Kalmomi masu daɗi da muke tarawa sai ranar jana'iza, kunnen da ya fi buƙatarsu ba ya jin su a ranar.

Ga 'yan'uwana Musulmi da suka saurare ni har zuwa nan, na gode, kuma ga tawa gare ku. Bahaushe Kirista ba baƙo ba ne. Kakanku ɗaya da shi, tuwonku ɗaya, harshenku ɗaya, sau da yawa ma gidanku ɗaya, wannan ɗaki ana shirin Masallaci, wancan ana shirin majami'a. Idan aka yi masa rashi, ku shiga ku ce sannu da haƙuri, kamar yadda iyayenmu suke yi ba tare da wani ya koya musu ba. Ku kuma Kirista, idan maƙwabci Musulmi ya rasu, ku fito ku zauna a tabarmar ta'aziyya. Wanda ya zauna da kai ranar kukanka, da wuya wani ɗan siyasa ya zuga ka ka ɗaga masa hannu gobe. Sardauna da likitansa sun nuna mana cewa amana tana yiwuwa tsakanin mutum biyu da kowannensu ya riƙe addininsa da gaske.

Hausawa na cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Hukunci na Allah ne shi kaɗai, amma shaidar da mutane za su bayar a kanmu, mu muke rubuta ta kullum, a bakin gadon mara lafiya, a ƙofar maƙwabci, a aljihun da muka buɗe ba wanda ya gani. Ishaya Audu ya samu ilimi da muƙamin da kaɗan ne cikinmu za su samu. Amma abin da ya yi a ƙarshe, wato ya koma cikin mutanensa ya yi musu hidima da abin da ya iya, wannan kam babu wanda ya fi ƙarfinsa, ko manomi, ko tela, ko mai tuƙa Keke Napep.

Saboda haka kafin Lahadi mai zuwa, ina roƙon kowane mai saurarona ya yi abu biyu. Ka tuna da mutum ɗaya da ya rasu a majami'arku ko a unguwarku, ka taka ka je gidan da ya bari, ka ga halin da suke ciki, kada ka je hannu sake in kana da hali. Sannan ka nemi mutum ɗaya mai rai da yake wahala dominku ba a lura, ka kama hannunsa ka ce masa an gode.

Allah ya ta'azantar da duk gidan da ke cikin makoki a wannan lokaci. Allah ya raya marayu, ya tsaya wa gwauraye, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, mu kuma ya sa mu gama da kyau.